Ruwa ba ya tsami banza: uban da ke haɗiye ƙwan da yake gadi

A gidanmu na Maradi an taɓa yin wata jar kaza da ta ƙona wa Inna rai. Ta zuba ƙwai 12 a bayan randa, ta hau kwanci lafiya lau har kusan mako biyu, sai ran nan da hantsi aka iske ta da gwaiduwa dumu-dumu a baki, ɓawo warwatse a ƙasa. Inna ta cafko ta ta fukafukai ta miƙo mini. "Ungo, kai ma Babanku shi yanka. Kazar da ta ɗanɗana ƙwanta ba ta bari." Kafin la'asar an fige ta. Shari'ar ba ta ɗauki minti biyar ba, kuma babu wanda ya tsaya tambayar abin da ya same ta. Sai da na girma na tuna watan Afrilu ne, kwanon ɗaki yana tafasa, randar da take raɓawa don jin sanyi ta tsage an daina zuba mata ruwa, hatsi kuwa ya yi tsadar da ko dusa sai an auna.

Abin da ya tuno mini da kazar nan wata dabba ce da babu ita a ƙasarmu, har ba mu da sunanta. Turawa na ce mata salamanda. A ido sai ka rantse ƙadangare ce, ga jela ga ƙafa huɗu, alhali ƴar'uwar kwaɗo ce: fatarta laushi da danshi, ƙwanta kuma ba shi da ɓawo. Akwai irinta sama da 700 a duniya, galibinsu a nahiyar Amurka. A Afirka sai can bakin arewa, wajen Maroko da Aljeriya da Tunusiya. Kudu da Sahara ko ɗaya babu. A 2023 masana suka fitar da ƙididdigar dangin kwaɗi ta duniya, inda aka ga kashi 41 cikin 100 nasu na fuskantar barazanar ƙarewa. Da aka ware salamanda ita kaɗai sai adadin ya kai uku cikin biyar.

Wadda zan yi magana a kanta ita ce mafi girma a Arewacin Amurka, helbenda. Tsawonta na iya kai santimita 70, nauyinta wajen kilo 2. Kanta a baje kamar na tarwaɗa, idanu ƴan mitsi-mitsi, jiki duk yauƙi, a gefe da gefe kuma fata ta tattare kamar bakin zanen da bai sha guga ba. Wannan tattararriyar fata ita ce hancinta. Tana da huhu, amma da ƙyar take aiki da shi. Ta fata take zuƙar iskar oksijin daga ruwa. Don haka ba ta zama sai a rafi mai sanyi, mai gudu, garai-garai, ƙarƙashin faffaɗan duwatsu, irin rafukan tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka da na jihohin Mizuri da Akansas. Ba ta balaga sai ta yi shekara 5 zuwa 7, tana kuma iya kai shekara 30. A riƙe wannan lissafin shekarun, za mu dawo kansa.

A wajen helbenda namiji ne mai jego. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba sai ya share kogo a ƙarƙashin dutse, ya tsare ƙofa, ya yi ta dambe da sauran maza. Mace ta shigo ta zuba ƙwai ɗari biyu, uku, wani lokaci sama da 400, a jere a zare kamar carbi. Ya zuba musu maniyyi daga waje, ya kore ta, shi ke nan aikinta ya ƙare. Shi kuwa nasa ya fara. Zai kwanta tsakiyar ƙwan yana kaɗa jela, yana rausaya jiki, don sabon ruwa ya riƙa ratsa su. Ƙyanƙyasa na ɗaukar wata ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, ƴaƴan kuma su ci gaba da zama a kogon duk tsawon sanyi. Gaba ɗaya renon kan kai wata takwas. Wanda ya san gaiwa ba zai yi mamaki ba, domin ita ma namijin ne ke gadin gurbi a cikin ciyawar tafki, yana kaɗa wa ƙwai ruwa da jela.

To, shekaru da dama masana na ganin helbenda tana raguwa ba su gane dalili ba. A Mizuri wani nazari da aka buga a 2003 ya nuna yawanta ya faɗi da kusan kashi 77 cikin 100 a tsakanin shekara ashirin da ɗoriya. Abin da ya fi ɗaure kai, waɗanda ake kamawa galibi manya ne, tsofaffi, masu ƙiba da lafiya. Ƙanana ne suka yi ƙaranci.

William Hopkins na jami'ar Virginia Tech shi da abokan aikinsa suka yi dabara. Tun da ɗaga dutse mai nauyi don leƙa gurbi yana rushe gidan, sai suka zuba akwatunan kankare masu ƴar ƙofa da murfi a sama, suka jera su a ƙasan rafukan kudu maso yammacin jihar Bajiniya. Mazan suka karɓi gidajen haya. Shekara 8 ana ɗaga murfi ana ƙirga ƙwai: gurbi 182 a wurare 10, wasu wuraren dajin da ke saman rafin na nan cif, wasu an sare shi an mai da shi gona da makiyaya. Sakamakon ya fito a 2023. Kusan kashi 60 cikin 100 na gurabun sun lalace kafin ƙyanƙyasa, kuma babban ɓarawon shi ne maigadin. Akan iske uban ciki ya kumbura tim, in an ɗaga shi ya amayo ƙwai. A inda daji ke nan abin kaɗan ne. A inda aka sare daji kuwa, akwai wuraren da ko gurbi ɗaya bai tsira ba.

Cin ɗa ba baƙon abu ba ne a wajen masana dabbobi. Kifaye da yawa na yi, zomo na yi, mai kiwon alade ya sani. Tun 1978 wani masani, Sievert Rohwer, ya kawo bayanin da aka daɗe ana dogaro da shi: uban da ke gadi ba ya samun fita kiwo, saboda haka yakan ci wasu ƙwai don ya rayu ya ƙarasa renon sauran, ko ya cinye duka ya tara ƙarfi don haihuwar baɗi. Hausawa ma sun ce gaiwa tana cin jikinta, kuma da gaskiyarsu, domin idan ta binne kanta a laka duk rani naman jikinta take narkarwa. Daga wannan bayani ana sa ran abu biyu. Ramammen uba shi zai fi ci. Sannan ƙwai kaɗan su za a fi cinyewa, don ba su kai a yi musu wahalar wata takwas ba, kamar manomin da ya ga shuka ta fito ɗaiɗai ya ce gara a sake.

Duka biyun ba su tabbata a kan helbenda ba. Masu cin ƙwan ba su fi sauran rama ba. Kuma a rafukan da suka lalace, gurbi mai ƙwai da yawa shi ya fi shiga haɗari. Wato uba ƙosasshe, da arzikin ƙwai a gabansa, ya zauna ya haɗiye su tas. A nan ne magana ta koma kan abin da ke gudana cikin jininsa.

Homon wasu sinadarai ne da jiki ke tsatsowa a wani wuri ya zuba cikin jini, su je su ba da umarni a wani wuri. Kamar mai shela suke: ba shi ya yanke hukunci ba, amma sai ya zagaya gari kowa ke motsi. Duk mai kiwon jar akuyar Maradi ya san aikin ɗaya daga cikinsu ko bai san sunansa ba. Dubi bunsuru da ɗoyinsa da bunsurunsa da neman faɗa, ka dubi taure da aka dandaƙe yana kwance yana tara kitse. Bambancinsu testostiron ne, homon ɗin mazakuta. Na biyu shi ne forolaktin, wanda ke fitowa daga wata ƴar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke kawo wa mai jego nono, shi ke sa kaza ta daina ƙwai ta hau kwanci tana hura gashi in ka matso. Masu tantabara sun san farin abin nan mai kama da kindirmo da uwa da uba duka ke ɗura wa ƴan shila daga maƙoƙo. Shi ma aikin forolaktin ne, kuma da tantabarun ne Oscar Riddle ya yi gwajin da ya kai ga ware sinadarin a farkon shekarun 1930. Na uku shi ne homon ɗin wahala, kotizol da ɗan'uwansa kotikostiron, masu tashi idan yunwa ko tsoro ko zafi ko ƙarancin iska sun matsa wa jiki. Aikinsu su ce a bar komai a ceci rai tukuna.

Reno yana tsayawa ne a kan daidaiton waɗannan uku, kamar tukunya a kan murhu. A tsuntsaye da yawa testostiron na hawa lokacin neman mace da kare gurbi, ya sauka idan ƙwai sun zo. In aka ƙara wa uban shi da gangan sai ya rage ciyar da ƴaƴa ya koma waƙa da faɗa. Har ɗan Adam bai fita ba: wani dogon nazari a birnin Sebu na Filifin, da aka buga a 2011, ya nuna testostiron ɗin samari na raguwa sosai bayan sun zama iyaye, ya fi raguwa kuma ga masu ɗaukar jariri da hannunsu. A tsuntsayen teku masu kwanci da azumi an ga cewa idan kitsen jiki ya kusa ƙarewa, homon ɗin wahala na hawa, forolaktin ya faɗi, tsuntsun ya miƙe ya bar ƙwai ya nufi ruwa. Bai yi shawara da kowa ba. Dutse ɗaya na murhun ya goce, tukunya ta kife.

Misalin da ya fi ba ni mamaki daga Japan yake. Masana a jami'ar Nagasaki sun bibiyi wani ɗan kifin bakin teku wanda shi ma namiji ke gadi. Muddin akwai ƙwai a gurbinsa, homon ɗin mazakutarsa a ƙasa yake, ba ya iya zawarcin wata mace. Idan aka bar masa ƙwai kaɗan sai ya cinye su duka, in cikinsa ya cika ma ya riƙa ɗiba da baki yana tofarwa waje. Da gurbi ya zama wayam sai homon ya dawo, ya koma zawarci. An buga wannan a 2018. Ashe ba abinci yake nema ba, share ɗaki yake don a kawo amarya.

Ita helbenda an fara karanta nata jinin. A 2020 ayarin Hopkins ya gano kotizol ne babban homon ɗin wahala a jikinta, kamar kifi da mutum, alhali an saba ɗauka cewa dangin kwaɗi da kotikostiron suke aiki. Ƙaramin abu ne a ji, amma ma'anarsa ita ce mai auna wahalar dabbar da tsohon ma'auni yana leƙa rijiyar da ba ita ba. An kuma ga homon ɗin mazakuta na hawa yayin da lokacin aure ke matsowa. Game da cin ƙwan, masu binciken sun ajiye zato biyu. Ko dai canjin sinadaran ruwa da laka suna taɓa jikin uban su birkita saƙon da ke cewa "tsare", ko kuma suna lalata ƙwan ne, uban ya ji alamar ba za su yi rai ba ya cinye.

Ni zato na biyun ya fi kama hankalina, saboda abin da aka gani a wajen babbar ƴar'uwarta ta Japan, wadda ke wuce mita ɗaya. An sa kyamara a kogonta aka ga uban na yin abu uku: kaɗa jela, motsa ƙwai da kai, da tsince waɗanda suka mutu ko suka yi fumfuna yana haɗiyewa, don kada ruɓar ta kama na kusa. Mai sayar da tumatir a Kasuwar Maradi haka yake yi wa kwandonsa kowace safiya. Ke nan cin ƙwai wani yanki ne na renon kansa. Bakin da ke tsaftace gurbi shi ne bakin da ke share shi; abin da ya raba su ma'auni ne kawai. Kuma in ka lura, wannan ya dace da abin da ya rikita masana. Ƙwai 400 da aka cusa a kogo ɗaya sun fi ƙwai 100 buƙatar iska, na tsakiya kuma su za su fara shaƙewa. A ruwa mai kyau yawan ƙwai arziki ne. A ruwan da iskarsa ta ragu, shi ne zai fara ruɓa.

Sai a tambaya, mene ne haɗin itacen da ke tudu da iskar da ke ƙarƙashin dutse? Inuwa ce ta farko. Ruwa mai sanyin digiri 10 na riƙe oksijin kusan miligiram 11 a kowace lita; in ya yi ɗumi zuwa digiri 25 sai ya koma wajen 8, alhali a ɗumin ne jikin dabbar da ƙwanta suka fi buƙatarsa. Na biyu saiwa. Ita ke riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba kuma ya rage wa ruwan sama gudu. In babu su, kowane ruwa sai ya kwaso laka ya zuba a rafi, lakar ta toshe ƴan kafofin tsakuwa da ruwa ke bi yana shiga kogo, ta kuma lulluɓe ƙwan. Na uku, abin da ke gangarowa daga gona da hanya da makiyaya, taki da gishiri da kashin shanu, yana canza ɗanɗanon ruwan ga dabbar da fatarta a buɗe take kamar tsumma. Wanda ya sari itacen wataƙila yana da nisan kilomita goma daga kogon, bai ma taɓa ganin helbenda ba.

Mutumin Maradi ba sai an zana masa wannan a allo ba. Je ka tsaya bakin Gulbi bayan ruwan farko ka ga kalar abin da ke wucewa, ja wur kamar kunun kanwa, ka ga yadda gaɓa ke zubewa a inda babu itace. Tun ambaliyar 1945, da ta sa aka kwashe gari daga fadama aka hau tudu, mun san Gulbi ba abin wasa ba ne. Rairayin da ke cike tafkin Madarunfa a hankali ba daga sama yake faɗowa ba. Daga gonaki da dazuzzukan da aka yi wa aski yake zuwa, wasu ma daga ƙetaren iyaka, tun da ruwan ba ya nuna takarda a Dan Isa.

Abin da ya sa lamarin ya zama tarko shi ne, ɗabi'ar uban daidai take a duniyar da ta gada. Dabbar da za ta yi shekara 30 tana da damar haihuwa sau ashirin ko fiye. In shekara ɗaya ta zo da mugun ruwa, hikima ce a cinye ƙwan da ba za su yi ba, a mai da ƙarfin jiki, a jira baɗi. Dubban shekaru wannan lissafi yana biya, domin baɗi takan zo da kyau. Yanzu kuwa an sare dajin, baɗi irin bana ce, baɗin waccan ma haka. Uban na nan yana yanke hukuncin da ya dace da shekara ɗaya, yana maimaita shi kowace shekara har tsufa. Jikinsa bai san an canza duniya ba, kuma babu homon ɗin da zai gaya masa.

Tsawon ran nata kuma shi ke rufe asirin. Mai ƙirga zai zo ya ɗaga duwatsu ya ga manya ƙosassu, ya rubuta cewa lafiya lau, alhali garin ya shekara goma sha biyar ba a yi suna ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don mun taɓa ganin irinsa a gonakinmu. Dattawa na tuna lokacin da za ka ga manyan gawo tsaye ɗaiɗai a gona kamar ba abin da ya faru, amma duk tohon da ya fito sai a sassabe shi a ƙone, don an ɗauka gona mai tsafta ita ce wadda babu ko kirare. Tsofaffin na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu na bayansu. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a nan jihar Maradi, ya lura kututturan da ake ɗauka ciyayi ne itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Sassaben zamani ya samo asali daga nan: a bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Manoma suka karɓa, suka gyara shi yadda ya dace da su, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a yankunan Maradi da Damagaram. Ba a fara gyara ba sai da aka daina ƙirga manya aka koma duban ƙanana.

A Amurka ma an tashi, ko da yake a makare. Tun 2011 aka sa helbendar tsaunukan Ozak na Mizuri da Akansas cikin jerin dabbobin da doka ta ba kariya ta musamman, a Disamban 2024 kuma hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ta gabatar da shawarar a yi wa ɗaya jinsin, helbendar gabas, haka a duk inda take. Gidan namun daji na Sent Luwis ya yi nasarar sa ta haihu a tsare a 2011, ya kuma saki sama da 10,000 cikin rafukan Mizuri. Wasu wuraren ana kwashe ƙwai daga gurbi tun uban bai taɓa su ba, a ƙyanƙyashe a ɗaki, a rena, a mayar. Dabarar ƙwan zabi ce da muke sa wa kaza, kuma tana aiki iyakar aikinta. Sai dai ɗan da aka rena a kwano mai tsabta, in aka sake shi a rafin da ya gagari ubansa, bayan shekara shida zai share kogo, mace ta zuba masa carbin ƙwai, ruwan nan dai mai laka ya ratso ta ƙofa.

Shi ya sa ake haɗawa da dashen itatuwa a gaɓar rafi da kange shanu daga shiga ruwa. Amma itacen da aka dasa bana sai ya yi shekara goma sha biyar ko ashirin kafin inuwarsa ta rufe rafi, lakar da ta riga ta kwanta kuma sai ambaliya bayan ambaliya ta wanke ta. Mazan da ke kwance cikin akwatunan kankaren nan yanzu, da yawansu sun riga sun ci rabin shekarunsu 30.